Amarya a Gidan Takaba

"Sake faɗi in ji."

Abdurra'uf ya sunkuyar da kai yana murza makullin babur ɗinsa. Taɓon hanyar Kebbe ya ɓata masa wando har gwiwa, a haka ya zo zance zauren gidanmu, wai shi mai neman aure.

"Ruma, rabin raina, ki saurare ni..."

"Rumasa'u sunana. Rabin ran naka ka aje shi can inda ka aje gidan."

"Ba hana mu gidan anka yi ba. Malam Dawuda ya rasu, kin sani. Matarshi Inna Hinde tana takaba a ciki, ba ta fita sai ta gama."

"Sai yaushe ke nan?"

"Bayan Babbar Salla... da kamar wata biyu."

Na yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba.

Gida ne fa ɗaki biyu da zaure, ba fadar kowa ba. Tun da aka mayar da shi koyarwa a Kebbe ya saye shi, aka biya, aka yi shaidu. Da farko aka ce mai gidan yana jira a rufa masa ɗaki a Sanyinna, garinsu, inda zai koma tun da ya yi ritaya. Aka ɗaga biki. Aka rufa ɗakin, sai katangar bayan gidan namu ta zube, wai sai an tayar. Aka sake ɗagawa. Ana gab da kwashe kaya mutumin ya kwanta bai tashi ba. Allah ya jiƙansa, ba da shi nake ba. Da wannan nake, da ke tsaye gabana kamar kazar da ruwa ya daka.

Baba kuwa ya riga ya yanke. Ya ɗaga sau biyu, ba zai ɗaga na uku ba. In Juma'ar bayan Salla ta zo babu inda za a kai ni, a mayar wa mutane da kayansu. Baba malami ne, duk Tambuwal an san ba ya maimaita magana.

"Ka kama haya mana," na ce.

"Kebbe ta, Ruma, ba Sakkwato ba. Na bi gari kaf, abin da na samu shago na da anka fidda awaki."

"To ka shiga ka gaya ma Baba da bakinka."

Ya zaro ido kamar na ce ya shiga rijiya.

"Ni? In zauna gaban Malam ina bayanin aurena? Aikin kawuna na wanga, kuma ya tafi Hajji. Na gaya ma Gwaggo Atu komi, ta ce za ta isar."

"Namiji har namiji, tsohuwa guda ta gagare ka."

"Ba gagara ta yi ba. Kunyarta nika ji, da tsoron Allah."

"Ni ba ka jin kunyata? A asibiti wurin aikina amarya mai katin biki biyu suka ce min. Har masu zuwa awo sun san labarina."

"Masoyiyata..."

"Sai da safe, Malam."

Na tashi na bar shi da ruwan da ko a kofi ban zuba masa ba.

Kada ku ji ina wannan ku ce ba na son sa. Ina son sa, son da ke ba ni haushi ma. Shi ya sa nake ji kamar in kama kafaɗunsa in girgiza, ko ya yi zuciya sau ɗaya a rayuwarsa.

Gwaggo Atu ƙanwar Baba ce. Ita ce uwar bikin, ita ke kai magana tsakanin Baba da dangin ango. Ɗanta Yaya Sharifuddeen ma'aikacin sakatariya ne, ya taɓa nema na na ƙi. Yana da gida mai tayil da tankin ruwa, kuma mutum ne da in ya yi dariya sai ya duba ko an lura da agogonsa.

Su biyun suka same ni a ɗakin ajiya ina kallon kayan ɗakina. Damina ta fara, gara ta ci ƙafar sif ɗin kayana har ta karkace.

"Wayyo ɗiyata," in ji Gwaggo. "Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi. Haka za ki zuba ido har gadon ya bi?"

"To mi zan yi, Gwaggo?"

Yaya Sharifu ya gyara hannun riga.

"Abu mai sauƙi. In samo motar a-kori-kura, a kai kayan a yi jere. Gidan mijinki na, da kuɗinshi ya saya. Tana ganin gadon amarya tsakar gida za ta san inda dare ya yi mata."

Na san ruwa ba ya tsami banza. Yaushe Yaya Sharifu ya fara yi wa aurena hidima? Amma na kalli ƙafar sif ɗin nan, na tuna Juma'ar Baba, na ce a kawo motar.

Da hantsi muka isa Kebbe, ramukan hanya sun gama kwance min ƙugu. Masu lodi suka fara sauke kaya a ƙofar gida, ni da Gwaggo muka yi sallama muka shiga.

Tsakar gidan a share take tas. A jikin bango ƙunshin kaya ne a ɗaure, tun na tashin da ba a yi ba, tukunya ɗaya kawai aka kwance. Wata dattijuwa na zaune kan tabarma da carbi, zane ɗaya mai duhu, ba ɗan kunne, ba kwalli. Ta ɗago ta dube ni, fuskarta ta saki.

"Ke ta Rumasa'u. Abdurra'uf ya nuna min hotonki. Marhabin, ɗiyata."

Na zo da maganganu cike da baki, sai na ji na durƙusa ina cewa, "Inna, ya haƙuri?"

Gwaggo ko ta'aziyyar ba ta yi ba.

"Baiwar Allah, jere munka zo. Angon na ya aiko mu, ya ce haƙurinshi ya ƙare, a fidda mishi kaya yau."

Na juya na kalle ta. Ko ƙifta ido ba ta yi ba.

"Shi ya aiko ku?" in ji Inna Hinde a hankali. "Jiya da marece ya kawo min itace, bai ce komi ba... To. Ƙila nauyin baki ya hana shi. Gidanshi na."

Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta jawo mayafi. Ta fara ɗaure tukunyar nan guda. Kan katanga kuwa kawunan maƙwabta sun jeru, kowa ya samu na kai wa gaba.

Nan na gane wasan. Kafin magariba labari zai isa kunnen Baba cewa Abdurra'uf ya kori mai takaba daga ɗakin mijinta. Shi kuma Abdurra'uf zai ji cewa ni na jawo mota na yi korar. Ko ta ina aka bi, gida mai tayil na jira na. Kuma da ƙafata na hau motar, ni mai wayo.

Na tare ƙofar zaure.

"Inna, koma ki zauna. Ba wanda ya aiko mu."

"Ke Rumasa'u," in ji Gwaggo.

"Gwaggo, da girmanki. A gaban idona? Mi kinka gaya ma Baba game da gidan ga tun farko?"

"Ni za ki tuhuma? Ni da na yi miki wanka da hannuna kina jaririya?"

"Ban tuhume ki ba. Tambaya na yi, kuma na ji amsa."

Ta figi mayafinta ta fita tana Allah ya isa. A waje Yaya Sharifu ya ce in ba za a yi jere ba motar tana da wani aiki. Suka bar min gado da kujeru da sif a bakin titi suka tafi, ko kuɗin mota bai tambaya ko ina da shi ba. Mijin da aka so min ke nan.

Hadari ya haɗo daga gabas lokacin da babur ɗin Abdurra'uf ya tsaya. Wani ya kai masa labari makaranta, ko allin hannunsa bai wanke ba. Ya dubi kayan, ya dube ni.

"Ke kinka kawo su?"

"Ni na kawo."

"Don ki fidda ta?"

"Don in fidda ta."

Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga.

"Rumasa'u, in sai na tada wagga mata zan same ki, to na haƙura. Zan mutu da sonki, amma na haƙura."

Ga zuciyar da nake nema ya yi, ta zo, kuma a kaina ta sauka.

"Tana ciki zaune kan tabarmarta," na ce. "Ba inda za ta. Kai kuma da ka iya dogon turanci gaban ɗalibai, ka rasa wanda za ka ba saƙonka sai uwar wanda na ƙi. Wane irin mutum na kai?"

Ya tsaya yana kallona kamar yau ya fara gani na.

"Ruma..."

"Kama gadon nan, ruwa zai sauko. Rabin rai ba shi ɗaukar katako."

Muka ja kayan zaure, ni da shi da maƙwabtan da suka gaji da kallo. Da aka gama ya tsaya yana haki, ya ce, "Juma'ar fa?"

"Bar min Juma'a. Tunda kai kunya ta cinye ka, ni zan aje tawa."

A gidanmu ɗiya ba ta zancen aurenta da uba. Yayyena mata uku an aurar da su, ba wadda ta taɓa buɗe baki. Washegari bayan masu ɗaukar karatu sun watse na durƙusa a ƙofar ɗakin littattafan Baba.

"Lafiya?"

"Baba, kan maganar gidan Kebbe ta."

Ya cire tabarau. Na kafa ido a tabarma na faɗi komai, tun daga rasuwar Malam Dawuda har zuwa tukunyar da aka fara ɗaurewa.

"Ce min anka yi yaron bai sayi gida ba, yawo da hankali shika yi," in ji Baba. "Ba wanda ya ambaci takaba."

Ya mayar da tabaransa ya dube ni.

"Shi ya ƙi fidda ta? Ya san Juma'ar da na sa?"

"Ya sani, Baba."

"Ke kuma mi ya kai ki Kebbe da mota?"

Na ƙara kafa ido a tabarma.

"To. Shi ya fi ki karatu, ke da kinka tashi cikin littattafai. Tashi ki kira min Atu."

Abin da ya gaya wa Gwaggo ban ji ba. Na dai ga fitowarta, kuma daga ranar ciwon ƙafa ya kama ta, bai sake ta ba sai bayan biki.

Baba bai ɗaga ranarsa ba, ai na gaya muku ba ya maimaita magana. Aikawa ya yi a tambayi Inna Hinde ko za ta yarda a kawo amarya ƙaramin ɗaki, ita ta ci gaba da zamanta a babban. Ta ce gidansu ne, ita ce baƙuwa, kuma shirun gidan ya ishe ta. Sai Baba ya kafa sharaɗi: gidan makoki ne, ba kiɗa, ba guɗa, ba turaren wuta.

Ni Rumasa'u, da na yi shekara ina tara turare. Gadon da na zaɓa da kaina ya ƙi shiga ƙaramin ɗakin, aka jingine shi a zaure aka shimfiɗa min katifa a ƙasa. Ƙawayena na asibiti suka zo jere suna taɓe baki, na ce duk wadda ta fi ni gida ta koma nata. Yaya Sharifu ya zo ɗaurin aure ya zauna sahun baya, an ce ko goro bai karɓa ba.

Da la'asar aka kawo ni saboda hanya. Abdurra'uf na tsaye gefen zaure cikin farar shadda, da na gifta ya ce ƙasa-ƙasa, "Sannu da zuwa gida, rabin raina." Ban ce sunana Rumasa'u ba.

Muka shiga tsakar gida sumui-sumui, kowa na taka ƙasa a hankali kamar masu zuwa gaisuwar mutuwa. Ba zan ɓoye ba, abin ya ci min rai. Sau ɗaya ake kai mace gidan miji tana budurwa, ni kuma nawa ya zo a haka.

Inna Hinde na tsaye a ƙofar ɗakinta da zanenta mai duhu.

"Tsaya," ta ce da mai riƙe da ni. "Haka za ku shigo da ɗiyar mutane, kamar kun sato ta?"

"Inna, Malam baban amarya ya ce saboda takaba..."

"Ni ka takaba, ba ita ba."

Ba wadda ta motsa. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta ga ba mai ƙarfin hali a cikinsu.

Sai ta kama hanci ta rangaɗa guɗa.

Muryar ta karye a tsakiya. Ta haɗiye, ta goge ido da bakin zane, ta sake ɗauka daga farko, har maƙwabta suka amsa mata ta kan katanga. Ni da na rantse ba zan zubar da hawaye don an kawo ni Kebbe ba, sai da mutum biyu suka riƙe ni kafin na kai ƙofar ɗakina.