Gayya a Gonar Malam Aƙilu

"Ɗan fim? A gidana?"

Wannan maganar ta Baba ce take ta yi wa Sakinatu yawo a kunne, tana zaune a gindin darbejiyar kwalejinsu ta Funtua. Makon jiya Almustapha, ɗan ajinsu kuma masoyinta, ya tura kawunsa garinsu Sakinatu, Maska, neman aurenta. Mahaifinta, Malam Aƙilu, ya sallame shi da cewa hannun da ya saba da kyamara ba zai ciyar masa da 'ya ba.

Ga kuma 'yan rukuninsu suna ta gardama a kan gajeren fim ɗin da malamin aikin jarida ya ba su. Kausar ta dage sai na soyayya, ita amarya, Almustapha ango. Ko makaho ya san inda ta dosa.

"Gayya za mu ɗauka," in ji Sakinatu. "Girbin dawa, a gonar Babana."

Almustapha ya zaro ido.

"Gonar mutumin da ya kore ni, Sakina?"

"Ita fa... ko tsoro kake ji, abin ƙaunata?"

Dawar ta nuna, ciwon ƙafa ya kwantar da Baba, tsuntsaye kuwa sun samu gidan biki. Nan take aka raba aiki: masu aron magirbi, masu neman mota, Almustapha a kan kyamara. Baba ya yarda da ƙyar, da sharaɗin kada a tattake masa amfani.

Ran gayya, kafin hantsi ya dubi ludayi, 'yan boko sun zube a inuwa suna fifita. Almustapha, wanda ya tashi a hannun kakansa a gonakin Ƙarfi, zuciyarsa ta kasa ɗaukar ganin dawa a tsaye. Ya miƙa wa Kausar kyamara, wai yanzu zai dawo, ya ɗauki magirbi. Sakinatu na can wajen rabon fura, ba ta ankara ba sai la'asar.

Da suka buɗe hoton a zaure, Sakinatu ta dafe kai. Babu gayya, babu gona, babu kowa sai Almustapha: yana sara, yana share gumi, yana ɗaurin dami.

"Kausar, mene ne wannan?"

"Abin da ido ke so shi yake kallo," ta ce tana taunar cingam.

Hawaye ya cika idon Sakinatu, aikin zango guda ya tafi a banza. Sai ga saƙon Baba daga ɗaki, a kawo masa hoton ya ga gonarsa. Ta kai masa kwamfutar.

Ya ƙura wa hoton ido. Da aka zo wajen ɗaurin, ya sa ta maimaita.

"Ɗan wane ne wannan?"

"Baba... shi ne ɗan fim ɗin."

"Ku da kuka iya haɗa ƙarya a hoto. Kira mini shi."

Almustapha ya shigo ya durƙusa. Baba ya kama tafin hannunsa ya juya, duk ya yi bororo. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya yi gyaran murya.

"Ka ce wa kawunka ya dawo, ya taho da goro. Kai kuma akwai sauran gonar gabas."

Sakinatu ta rufe fuska da mayafi ta ruga ɗakin Inna, dariya da kuka sun haɗe mata, daɗi kamar ya kashe ta.

Malaminsu dai ya ba fim ɗin maki ɗan kaɗan, ya ce bai taɓa ganin gayyar mutum ɗaya ba. Sakinatu ko a jikinta.

Ran biki, da hannunta mai lalle ta miƙa wa Kausar kyamara.

"Ƙawata, ke kika haɗa auren nan, ke za ki ɗauka. Amma don Allah, yau a sa amarya a ciki."