Wasan da Ba Suhaibu Ya Sauke Ba

Suhaibu yana da shago a Kura, inda yake sauke wa matasa wasannin kwamfuta. Wani dare a 2008, yana jera wasanninsa a kwamfuta, wani dogon mutum ya shigo ba sallama, yana warin ruwan kanal.

"Malam, buɗe min na ƙarshen nan."

Suhaibu bai san wasan ba, amma ya buɗe. Sai ga wani mutum mai kama da Suhaibu a cikin wasan, yana gudu cikin gonar tumatir, ana bin sa da lauje. Baƙon ya danna maɓalli, laujen ya sauka. Nan take kafaɗar Suhaibu ta tsage, jini ya jiƙa rigarsa.

"Tashi ka gudu mana," in ji baƙon a hankali. "Ba na son wasa ya ƙare da wuri."