Kiran da Auta Ba Ta Ji Ba

Da faɗa Auta ta fara shiga shagonsa. Ta dire hedifon a kan tebur, tsakanin sukurori da matattun wayoyi.

"Malam, abin da ka sayar wa yayana ya ƙi kwamfutata. In ma ya haɗu, sai murya ta koma kamar daga cikin gwangwani."

Mai gyaran ya ɗago, ya ɗan jima yana kallonta kafin ya tuna da hedifon.

"Kwamfutar tebur ce ko? Ba lalacewa ya yi ba. Da zarar ta kama mayik ɗinsa sai sautin ya ɓaci. Rufe mayik ɗin za a yi."

Washegari Yaya ya kawo mai gyaran gida. Aikin Auta shi ne sauraron hirarrakin da aka naɗa tana mayar da su rubutu, ga masu walda a bayan katangarsu ba sa hutawa. Mai gyaran ya shiga saiti ya rufe mayik, sannan ya nuna mata maɓallin kashe hayaniya. Tana dannawa duniya ta yi tsit. Ta ga bakinsa na motsi, ta yi dariya.

Daga ranar ya zama Injiniya a wayarta, ita kuma Sanyin Ido.

"Sanyin Ido, me kike ji yanzu?"

"Ba komai, Injiniya. Ka kashe min duniya, saura kai."

Da ta san abin da ke tafe, da ba ta rubuta wannan ba.

Wata rana da yamma Mama ta fita, ta bar mata Baba. Jiri ya kwashe shi a ƙofar banɗaki. Bango ɗaya ne tsakaninsu, ya yi ta kiran sunanta har muryarsa ta ƙare, ita tana can tana buga rubutu. Mama ce ta dawo ta same shi a ƙasa. A asibiti likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, kuma da an kawo shi da wuri da sauƙi. Maganar nan ta zauna wa Auta a ƙirji.

Da Yaya ya kawo maganar auren Auta da Injiniya, Mama ko kallonsa ba ta yi ba.

"Yaron da ya toshe wa 'yata kunne? Ina raye ba zai zama surukina ba."

Ta fara yabon ɗan ƙanwarta mai kantin magani, wanda ke kawo ƙwayoyin Baba. Ba wanda ya tilasta Auta. Ita da kanta take neman amincewa da mai maganin, don a ganinta ba ta cancanci wanda take so ba. Ta jefa hedifon ƙasan akwati, ta daina amsa waya. Sai ga saƙon Injiniya ya shigo.

"Na ji an ce mai magani na zuwa. In shi kike so, Allah ya sa alheri. In kuma kanki kike hukuntawa, ki haɗa da ni, hannuna ne ya nuna miki maɓallin."

Ta karanta, ta yi kuka, ta kife wayar.

Baba ya dawo gida da rabin jiki da guntuwar murya. Sai an kai kunne bakinsa, nan ma ƙarar walda ta cinye. Ya yi ta motsa leɓe, a miƙo filo yana nufin wani abu daban, har ya gaji ya juya kai hawaye na bin kunnensa. Yaya ya kasa jurewa, ya je ya taho da Injiniya.

Mama ta tare ƙofa. Injiniya ya durƙusa.

"Mama, ba wajenta na zo ba. Abin da na rufe na zo buɗewa. In bai yi ba, ba za ki sake ganina ba."

Ta matsa, fuskarta a ɗaure. Suka ɗauko kwamfutar zuwa ɗakin Baba. Auta ta fito da hedifon. Injiniya ya buɗe mayik ɗin da ya taɓa rufewa, ya ƙara masa ƙarfi, ya juya sautin zuwa sifika, sannan ya sa wa tsohon a kai.

Sifikar ta yi ƙara, sai ga murya siririya, a shaƙe, irin ta gwangwanin nan da Auta ta taɓa kai ƙara.

"Ruwa."

Mama ta dafe baki. Da Baba ya sha, ya huta, ya ce, "Auta."

"Na'am, Baba." Ta zube a gefen gadon.

"Ranar na kira, ba ki ji ba. Yau kina ji?"

"Ina ji, Baba. Ka yafe min."

"Ciwo ne ya kayar da ni. Ba ke ba, ba yaron nan ba." Ya ja numfashi da ƙyar, ya juyo da ido wajen Mama. "Ba ni da sauran lokaci mai yawa. Ku bar ni in sa albarka da bakina."

Mama ta daɗe tana kuka kafin ta dubi Injiniya. "Tashi daga ƙasa, ɗana."

A ɗakin aka ɗaura auren, ba kiɗa, ba taro, ana jiyo walda daga bayan katanga. Baba bai ƙara tashi daga gadon ba. Amma ranar, da hedifon a kansa, sifika ta ɗauko maganarsa har tsakar gida.

"Allah ya yi muku albarka. Ku riƙa jin juna."

Auta ce ta fara cewa amin, tun bai rufe baki ba.