Muryar Baba a Cikin Kwamfuta

"Ba zan janye ƙarar ba, Baffa," in ji Nafisa.

Alhaji Mikail, ƙanin mahaifinta, ya dubi Sufeto Gwadabe. "Ka ji 'yar boko ko? Maganar gida ce, Yallaɓai. A rufe ta."

"Zamanin soja ya wuce, Alhaji. Sai mai ƙara ta ce a rufe."

Shekara guda ke nan da rasuwar Malam Abdussalam na Dukawuya. Ya bar littattafan kakanninsa, 'yan kasuwar da suka ƙetaro Sahara, da kwamfutar da Nafisa ta riƙa ɗaukar muryarsa a ciki yana jinya. Kowace Asabar sai ta kwance murfin, ta share ƙura da burushi, ta goge fayilolin banza, sannan ta kunna muryar. Ta ji yana karatu, yana tari, yana cewa, "Nafisatu, wannan abin naki yana ji kuwa?"

Yau ta kwance, ta tarar babu faifan ajiya, shi ne ta kai ƙara wurin 'yan sanda.

"Wa ke shiga ɗakin da kwamfutar take?" Sufeto ya tambaya.

"Ni, sai 'Yardada mai shara."

Aka kira tsohuwar.

"Ni, ɗan nan? Ko mayafin kwamfutar ba na ɗagawa, tsoro nake kada ta ja ni. Amma ran Laraba Alhaji ya aike ni Ƙofar Mazugal sayen goro, alhali ga goro a gida."

"Ƙarya take!" in ji Alhaji. "Ni turare nake sayarwa. Ban taɓa taɓa na'urar nan ba."

Sufeto ya haska cikin akwatin kwamfutar da tocila. Fes yake, ba ko ƙwayar ƙura, sai shatin yatsu uku masu maiƙo a jikin ƙarfen. Ya sunkuya ya sansana.

"Malama, kina sa mata mai?"

"Haram. Busasshen burushi kawai."

"To wannan almiski ne. Alhaji, miƙo hannunka."

Alhaji ya cusa hannun cikin riga. Can ya zauna daɓas a kan tabarma.

"Yaya ya yi wasiyya a cikin faifan, wai littattafan wakafi ne, kada a sayar. Ni kuwa na riga na samu mai saye."

"Ina faifan?"

"Yana cikin rijiya."

Da yamma aka tsamo shi. Ruwa ya gama da shi.

Aka fita da Alhaji ta zaure, maƙwabta na leƙe. Nafisa ba ta sunkuyar da kai ba.

Littattafan sun tsira, domin Alhaji ya amsa wasiyyar da bakinsa a gaban hukuma. Amma dangi sun daina amsa gaisuwarta, ba a kuma gaya mata biki ko suna. Muryar mahaifinta kuwa ta tafi. Har yau, kowace Asabar tana share kwamfutar, ta kunna, ta zauna, ba wanda ke kiran Nafisatu.