Gyaran Muryar Inna Dije

Na'urar da ke bayan kunnen Jatau ta yi ɗumi, sai rugugin masana'antar narka ƙarfe ya ɗauke ɗif. Ƙatuwar guduma mai sarrafa kanta na dukan ƙarfe a gabansa, ba ya jin ta. Amma da shugaban aiki ya ce daga can nesa, "Ƙara wuta," sai maganar ta faɗo masa tar a cikin kai.

Matacin-ji ake kiran na'urar. A birnin Tudun Ƙarfe, inda motocin haya ke shawagi a saman gidaje, injuna sun kurumtar da rabin ma'aikata. Akwai wani siririn gashi can cikin kunne wanda da shi ake ji. Ƙara na kashe shi, kuma ba ya sake tsirowa. Da masana suka gaji da neman tsirar da shi, sai suka dasa waya a jijiyar ji, suka haɗa ta da mataci. Aikinsa tace sauti. Kalma ta wuce, abin da ba kalma ba a zubar. Aka yi ta yabonsu.

Jatau ɗan fari ne. Mahaifiyarsa Inna Dije ba ta taɓa kiran sunansa ba, saboda kunya. In tana nemansa sai ta yi gyaran murya daga ɗaki, ya zo ya durƙusa. Haka suke har ya yi furfura. A wurin mataci kuwa, gyaran murya hayaniya ce.

Ran nan ƙanwarsa Lantana ta tare shi a zaure.

"Yaya, Inna ta ɗaure kayanta. Gidan Kawu za ta koma."

"A kan me?"

"Kai kake tambaya? Tun da aka sa maka abin nan take gyaran murya kana wucewa kamar ka ga bango. Har maƙogwaronta ya dishe. Ta ce ka sami kunnen ƙarfe, ka fi ƙarfin uwa."

"Wallahi ban ji ba."

"Na faɗa mata. Ta ce ai kana jin sallamar mai manja."

Jatau ya juya sai cibiyar kunne, wurin Dokta Haladu wanda ya dasa masa wayar.

"Likita, buɗe mini gyaran murya."

"Ba a buɗe sauti ɗaya, Malam Jatau. Ko a tace, ko a saki duka. In na saki, ƙarar masana'anta za ta ƙone jijiyar, kuma wannan kurumtar ba ta da magani."

"Duk ku da kuka ƙera shi ba mai uwa?"

Likita ya yi murmushi. "Abin ai mai sauƙi ne. Ta kira sunanka mana. Wane zamani muke ciki?"

Jatau ya bugi tebur. Bai ji bugun ba, fushinsa ya ƙaru.

"Kai ɗan fari ne?"

"Na uku ne."

"Shi ya sa."

Da ya koma gida ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna. Ya ce yau zai sa a cire matacin, ya bar aikin, in ya so a ci ƙasa. Inna ba ta dube shi ba. Sai ta dubi Lantana ta ce:

"Gaya wa mutumin nan, in ya bar aiki wa zai ci da 'ya'yansa? Ni ban ce a kashe gida don ni ba."

"Na gama magana," in ji Jatau. Ya tashi ya nufi zaure.

Inna ta yi gyaran murya. Bai waiwayo ba. Ta sake yi da ƙarfi har jijiyoyin wuyanta suka tashi. Yana ta tafiya. Ta dafa bango ta miƙe.

"Jatau."

Mataci ya kawo kalmar tas, ba ko ƙura. Jatau ya tsaya cik, ya kasa juyowa. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Lantana ta sulale ta bar wurin.

Inna ta kwance kayanta. Jatau bai cire na'urar ba, bai bar aiki ba. Yanzu da suna take kiransa, da muryar da take kiran yaran maƙwabta in za ta aike su, shi kuma ya amsa kansa a ƙasa. Ko tari ya taso mata yana kusa, haɗiye shi take yi.

Masana sun ce Jatau ya warke. Ba wanda ya je ya tambayi Inna Dije.