Yarinyar da Ke Ciyar da Ruwa

A can wani gari an yi wata yarinya, Uwani, mai kiwon kifayen ado a babban akwatin gilashi. Kusa da shi akwai ƙarami, ba kifi ciki, sai ruwa da soso. Kullum safiya takan barbaɗa masa abinci.

Yayanta Tanimu ya ce, "Uwani, ruwa kike ciyarwa?"

Ta ce, "Yaya, masaukin baƙo ne. Cikin soson akwai 'yan halittun da ido ba ya gani, su ke cinye ƙazantar kifi. In yunwa ta kashe su, ruwan zai zama guba."

Ya yi ta dariya, ita kuwa ta yi ta barbaɗawa.

Ran nan kawunsu ya kawo mata jan kifi. Tanimu ya ce, "Jefa shi cikin 'yan'uwansa mana." Ranta ya so, amma ta daure ta sa shi a ƙaramin. Ba a jima ba fararen ƙuraje suka feso masa. Ta yi jinyarsa har ya warke, sauran ko ɗaya bai kamu ba.

Bayan baƙo ya koma babban akwati, wata safiya Uwani ta tarar da Tanimu tsugune gaban ƙaramin, yana barbaɗa masa abinci.