Wandon da Inna Ta Farke

Ku gyara zama, yarana, yau labarin wani wando zan ba ku, da abin da ya jawo wa wani gida.

Da safe ne, Dogo na zaune kan kujerar tsakar gida ya ware ƙafafu, ya miƙa hannuwa gaba kamar mai riƙe da kan babur. Amaryarsa na durƙushe gabansa tana laluba gwiwarsa ta cikin sabon wandon jins.

"Lanƙwasa sosai, Yallaɓai. Yauwa! Ka ji kariyar ta hau kan ƙoƙon gwiwar daidai?"

"Na ji, ranki ya daɗe. Amma da na miƙe sai ta sauka ƙasa, in koma kamar wanda ya aro wandon yayansa."

"To a tsaye kake tuƙi? Mai shagon da muka saya ma a kan mashin ya sa ka gwada."

Dogo ɗan aike ne a wani kamfanin kai kaya, wuni yake kan babur. Ita kuwa Amarya ta tashi ne a gidan da ake jin ƙarar sanda kafin a ga maigida. Mahaifinta ya faɗi a babur tun tana ƙarama, gwiwa ta tarwatse, ita ce mai riƙe masa kwanon ruwan zafi. Shi ya sa ta hana Dogo sakat sai da suka je shagon kayan masu babur. Can ta juya wanduna ciki waje ɗaya bayan ɗaya. Mai kyan gani mara shafi ta ajiye shi. Ta zaɓi mai rawayan shafi mai tauri wanda kwalta ba ta saurin ci, mai ɗinki biyu, da ɓoyayyun aljifai a gwiwa da ƙugu inda ake zura kariya, wata roba mai laushi a hannu wadda ke shanye bugu. Ta haɗa masa da jaket mai kariya a kafaɗa, gwiwar hannu da gadon baya. Jaket ɗin a ofis yake rataye shi in ya tashi aiki, saboda zafi.

Inna, mahaifiyar Dogo, ta fito daga ɗakinta, babbar 'yarta na biye da ita, wadda kowa ke kira Yaya.

"Ikon Allah! Yau kuma shafa shi ake da rana tsaka?"

"Ina kwana, Inna," in ji Amarya, ta sunkuyar da kai.

"Da ban kwana ba kya gan ni? Wannan buhun fa na mene ne?"

"Na kariya ne, Inna, ko da tsautsayi..."

"Tsautsayi! Kin ji ko, Yaya? Tun kafin a haife ta yake hawan babur, ko ƙwarzane bai taɓa yi ba. Sai da 'yar gurgu ta shigo aka fara kira masa tsautsayi!"

Yaya ta kwashe da dariya. "Ai gado ne, Inna. Ta saba da jinya, hannunta ke ƙaiƙayi."

Dogo ya miƙe ya tura babur waje. Amarya ta shige ɗaki, ta share ido da bakin zane.

Ranar hutunsa Dogo ya fita da matarsa duba mahaifinta. Yaya ta leƙa ɗakinsu neman almakashi, hannunta ya bugi wandon a bayan ƙofa. Ta tsaya cak, ta sake matsa gwiwar.

"Inna! Zo ki ga abin da ya fi ƙarfin ido!"

Suka juya wandon. Ga aljihu a inda ba a sa aljihu, ga abu baƙi mai huda-huda a ɓoye ciki.

"Biyu a gwiwa don ya durƙusa mata," in ji Yaya cikin raɗa, "biyu a ƙugu don kada ya kalli kowa. Shi ya sa in kina magana yake kallon ƙasa!"

Ku sani, yarana, Inna ba ƙin ɗanta take ba. Ita kaɗai ta rene shi bayan rasuwar ubansa, tana wankau har fatar hannunta ta tsattsage. Sai dai son da ba ya tambaya yakan yi ɓarnar da ƙiyayya ba ta yi. Ta zare kariyar duka ta ƙulle a baƙar leda. Ta ɗauko reza ta bi rawayan shafin ta farke shi tas, don a cewarta ba ta taɓa ganin yadi mai irin wannan launi a cikin wandon kirki ba. Yaya ta yanko soson tsohuwar katifa ta cusa a aljifan, suka mayar da wando bayan ƙofa.

Dogo bai lura ba, sai ma ya ce wandon ya fara sakin jiki. Ranar wanki ce ta tona, domin sai an zare kariyar kafin a jiƙa. Amarya ta zura hannu, ta zaro soso. Ta juya wandon, ta ga zare na reto inda shafi yake. Ta miƙe ta nufi ƙofar Inna.

"Inna, don Allah, ko an ga wasu abubuwa da ke cikin wandon nan?"

"An gani! Da ma jira nake ki tambaya da bakinki!"

Inna ta fito da ledar tana kururuwa har maƙwabta suka cika ƙofar gida. Ta zazzage a ƙasa.

"Jama'a ku shaida! Ga abin da ta ɗinke wa ɗana a jiki!"

"Wallahi roba ce, Inna, a shago aka..."

Yaya ta ɗauke ta da mari. "Ana magana kina magana, mara kunya!"

Cikin haka Dogo ya shigo cin abincin rana. Ya dubi ledar, ya dubi kuncin matarsa.

"Haba Inna! Sefti ne fa, kayan kariya. Tare muka saya, da idona na ga an sa su."

"Kun ji ko? Da bakinta yake magana! Yaron da bai taɓa ce mini haba ba!" Ta kwashi kariyar da shafin ta watsa cikin murhu. Baƙin hayaƙi ya tashi, mata suka toshe hanci suna salati. "Kun ji warin? Abin arziki na irin wannan wari?"

Ta juyo kan ɗanta, hawaye na zuba. "In ka ƙara ɗaura irin wannan a ƙafarka, ban yafe maka nonon da ka sha ba. Ita kuma ta bar mini gida yau, ko ni in bar muku."

Dogo ya san gaskiya sarai, amma idon mutane na kansa, uwarsa na kuka. Can ya ce wa matarsa, ba tare da ya ɗago ba, "Ki je gida tukuna. Sori."

Amarya ba ta yi musu ba. Ta haɗa kayanta a jaka guda, Yaya na tsaye a kanta wai kada ta bar wani abu a ƙarƙashin katifa. Da ta zo wucewa ta gabansa a zaure, ta rage murya.

"Ban roƙe ka komai ba sai abu ɗaya. Jaket ɗin nan, kada ka taɓa kawo shi gida. Ka sa shi a can, ka cire shi a can."

Ta fita, yaran unguwa na binta da ido, Yaya na tafi a bayanta.

Kwanaki suka shuɗe. Mahaifin Amarya ya so ya je ya yi magana, ta hana shi. Dogo kan kira ta a waya, ita kuwa tambayarta ɗaya ce kullum: "Ka sa jaket?"

Wata rana da la'asar, a wata kwana kusa da kasuwa, wata mota ta zubar da baƙin mai. Dogo ba gudu yake ba. Tayar gaba ta zame, gwiwarsa ta fara dukan ƙasa, babur ya ja shi a kan kwalta. Wandon da ba shi da shafi ya yage nan take kamar takarda.

A asibiti Inna ta kutsa ɗakin tana kiran sunan Allah. Abin da ta gani ya tsayar da ita. Daga ƙugu zuwa sama ɗanta lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Jaket ɗin na gefe, kafaɗarsa ta goge har robar ciki ta bayyana. Daga ƙugu zuwa ƙasa kuwa, cinya ta saluɓe, tsakuwa ta nutse cikin nama, gwiwa ta kumbura ta karkace.

Nas ɗin da ke yanke ragowar wandon da almakashi ta ɗaga shi tana tsaki.

"Wannan ai wandon masu babur ne, mai kyau ma. Ina kariyar? Kai! Har shafin an bi da reza! Wane mara imani ne ya yi wannan?" Ta nuna jaket ɗin da haɓa. "Ba don wancan ba, da yanzu maganar ƙashin baya ake. Mama, riƙe mini kwanon nan."

Inna ta karɓa. Da aka fara tsince tsakuwa Dogo ya ƙwalla ƙara, kwanon ya suɓuce daga hannunta. Yaya tuni ta fice waje.

Wani hannu ya ɗauki kwanon daga ƙasa. Amarya ce, mahaifinta na bayanta yana dogara sanda. Ba ta dubi kowa ba. Ta ɗauraye kwanon, ta tsaya inda nas ta nuna mata, ɗaya hannun ta ba mijinta ya damƙe.

Tsohon ya zauna kusa da Inna a kan benci, ya jingine sandarsa.

"Hajiya, kin sha kiranta 'yar gurgu, kuma ba ki yi ƙarya ba. Ita ta san abin da gurgu ke sha a rayuwa, shi ya sa ba ta so ki zama uwar gurgu."

Inna ta rufe fuska da mayafi. Kukan da ta yi ranar ba irin na tsakar gida ba ne, babu mai jin sa sai na kusa.

Jinya ta yi tsawo. An yi aiki a gwiwar, an ɗebi fata daga wani wuri an lika a cinya. Amarya ce ke kwana a kan tabarma gefen gado, ita ke juya shi, ita ke jure faɗansa in ciwo ya tashi. Wata rana ya riƙe hannunta.

"Na san gaskiya ranar nan, na yi shiru. Da me zan biya ki?"

"Ka sa jaket ɗin, ai ka biya. Buɗe baki ka sha magani."

Ranar sallama Inna ba ta aiki kowa ba. Da ƙafarta ta je gidan tsohon, ta tsaya a tsakar gida gaban maƙwabtansu.

"A gaban mutane na tozarta ki, a gaban mutane zan faɗa. Ni na farke wandon, ni na karya ɗana. Ki yafe mini, 'yata, ki dawo ɗakinki." Ta fara lanƙwasa gwiwa, Amarya ta yi wuf ta tare ta.

"Haba Inna! Uwa ba ta durƙusa wa 'ya. Ya wuce."

Inna ce ta ɗauko mata jakar har gida. Yaya kuwa, da ta ga babu mai ba ta fuska, ta tattara ta koma gidan mijinta.

Gwiwar Dogo ba ta ƙara lanƙwasuwa sosai ba. Ya bar hawan babur, kamfani ya zaunar da shi a tebur yana rarraba wa 'yan aike kaya. Amma gidan ya zauna lafiya, ko tari Amarya ta yi sai Inna ta leƙo. In abokan aikinsa suka zo gaishe shi, tsohuwar kan tare su a zaure ta matsa gwiwar kowa da hannunta.

"Kai, ina taka kariyar? Wannan wandon gayu ne! 'Yata, fito ki gaya masa irin wanda zai saya!"

To kun ji, yarana. Zato zunubi ne, kuma abin da ba ka sani ba tambaya ake, ba reza ake sa masa ba. Namijin da ya san gaskiya ya yi shiru don kunyar idon mutane, jikinsa ne zai biya. Mai haƙuri kuwa, ko an kore shi da tafi, da girma ake dawo da shi. Ku tashi haka nan, labari ya ƙare, kuma duk mai hawan babur a cikinku ya zo in taɓa gwiwarsa.